Auren Yaya Rabi da Tsinken Keke

Na taɓa haramta auren yayata da tsinken wilin keke. Na san kun ji labarin, domin duk sallar da aka taru sai wani ya tono shi, kuma kowane baki da irin gishirin da yake zuba masa. 'Ya'yan Gwaggonku Rabi suna cewa aljani na ajiye a cikin gwangwanin biskit. Ku kuma kuna gaya wa abokanku wai ubanku ne ya ƙera kwamfuta ta farko a Zango. Duk ba haka ba ne. Wauta ce ta yaro ɗan shekara goma sha biyar, wanda aka biya wa rabin allo ya ɗauka ya sauke. Ga yadda aka yi. In na ƙara gishiri a wani wuri, nawa ne, ina da iko da abina.

Gidanmu na Moshi Zango gidan haya ne mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida, kuma in ka ƙirga yaran cikinsa da safe, kafin la'asar an samu ƙari. Kakanninmu daga Tawa suka zo, ta ƙasar Nijar, amma Baba da Mma duk a Kumasi aka yanke musu cibiya. Baba fataucin albasa yake yi. Mutum ne mai tsoron haram fiye da yadda yake tsoron maciji. Ya taɓa bin wani mai saye har Atonsu a kan kekensa, don ya tuna akwai ruɓaɓɓiyar albasa ɗaya a gindin buhu. Mma tana sayar da wake da shinkafa a tashar Oforikrom, ni da Yaya Rabi muna taya ta, ita da hannu, ni da baki. Rabi ce ta goye ni, ita ta koya mini ƙirga, ita ce kuma kaɗai a duniya da in ta kalle ni nake haɗiye maganata. Saurayinta Sule tela ne, ɗan Mma Ladi ta ɗakin ƙarshe, salihi wanda in ya zo zance rabin lokacin yana kallon ɗinkin hularsa. Ita ta zaɓi abinta, kowa ya yi murna, aka sa rana bayan ƙaramar salla.

A cikin masu cin abincin Mma akwai wani Batone, ɗan ƙabilar masu garin Kumasi, siriri mai tabarau, malamin lissafi a jami'ar da ke gaba da tasha, kowa Dokta yake ce masa. Kusa da Zango ya tashi, yana jin Hausa sosai, irin wadda mace da namiji duk "ya zo" ne. Wata safiya ya tarar ina kafa wa wani yaron mota hujja cewa tun da duk ɓarawo gudu yake yi, shi kuma kullum yana gudu bayan mota, to ya ƙarasa da kansa. Yaron ya riga ya cire takalmi zai ƙarasa a kaina. Dokta ya shiga tsakani da kwanonsa a hannu, ya sallami yaron, sannan ya juyo gare ni.

"Duk akuya ƙafa huɗu gare shi. Teburin Mma ƙafa huɗu gare shi. Je ka tatso mini nono in sha."

Tashar ta yi dariya, ni kuwa ban yi ba, domin wannan ne karo na farko da wani ya nuna mini daidai inda hujja take karyewa. Na bi shi da tambaya har bakin titi. Ranar Asabar ya shigar da ni ɗakin na'urarsu. Ɗaki ne mai sanyi kamar randa, da manyan akwatuna na ƙarfe masu ƙugi, da fitilu suna ƙyafta ido. Na cire takalmi na yi sallama, kuma har yau ina ganin rashin tarbiyya ne da ba ta amsa ba. Da kati ake yi mata magana, kati mai tauri da ƙananan huji, a loda mata ta haɗiye.

Sauran malamai lissafi suke ba ta, na gada da na albarkar gona. Dokta wani abu daban yake nema. So yake ta iya kafa hujja da kanta. A ba ta maganganun da aka yarda da su, a ba ta ƙa'idar haɗa magana biyu a fitar da ta uku, ita kuma ta ɗauki ta ukun ta mayar cikin tukunya, ta sake haɗawa, har ta iso ga abin da ake nema. Ya ce dabarar da masana suka fi so a lokacin ita ce ta bayan gida: in kana son tabbatar da magana, sai ka ce wa na'ura ƙarya ce, ka bar ta ta yi ta tafiya har ta yi karo da kanta, ta ce abu ɗaya e ne kuma a'a ne. Da ta yi karon, ka san maganar farko gaskiya ce. Damuwarsa ita ce na'urar ba ta san abin da ya kamata ta ƙyale ba. Sai ta cika kwando da maganganu na gaskiya marasa amfani, cikinta ya cika, ta tsaya tun ba ta kai ko'ina ba. Na ce masa muna da irinta a gidanmu, sunanta Iya Hassana. Ya kuma gaya mini wani abu da na ji da kunne ɗaya: na'ura ba ta san gaskiya ba, abin da ke biyo bayan abin da ka gaya mata kaɗai ta sani, don haka kullum ka ce ta nuna maka sawunta.

Na dawo gida da damin katunan da suka lalace, da dabarar da ya nuna mini ta yin na'urar talaka. Ka huda gefen kati a jere, kowace huda tambaya ce. In amsar e ce, ka tsaga hudar har baki. In ka tara katunan ka zura tsinke a huda ɗaya ka ɗaga ka girgiza, masu e su zubo, masu a'a su rage a rataye. Abin huji na aro wurin baduku. Tsinke kuwa na aro daga wilin bayan keken Baba, ba tare da na dame shi da sanarwa ba.

Na'urata ta yi suna da wuri. Na yi wa direbobin arewa kati, Baba ya ce a nemo masa wanda ke bi ta Tamale, ba ya shan giya, ba ya kuma ɗora fasinja a kan buhu. Na zura, na girgiza, kati ɗaya ya faɗo, kuma mutumin da Baba ya riga ya zaɓa a zuciyarsa ne. Tun daga ranar yake gaya wa abokansa a masallaci cewa abin yaron nan ba ya ƙarya. Da aka cinye ƙwan zabin Mma, na tara katunan yaran gida na bincika, ko ɗaya bai faɗo ba. Na sanar cewa na'ura ta wanke kowa. Mma ta ce lalle aljanu ne, ta tambaye ni ina nawa katin, na ce ana gyaransa.

Iya Hassana ungozoma ce, tsohuwa tukuf, ita ta karɓi haihuwar rabin unguwar, kuma ba abin da take so kamar a tambaye ta. A irin gidajenmu, in uwa ta tafi kasuwa ko ta kwanta ciwo, duk mai goyon da ke kusa sai ta ɗauki jaririn ta ba shi nono, kuma kun san wanda kuka sha nono ɗaya da shi ɗan'uwanka ne, ba aure tsakaninku. Na ga wannan aikin na'ura ne sak. Na zauna gaban Iya da ƙullin goro, ta yi ta zuba, ina huji. Kowace huda uwa ce, kowane kati mutum, a tsage a wurin duk macen da ya sha nononta. Na yara na ɗaure da zare, na manya na zuba a gwangwanin biskit na tura ƙarƙashin gado. Sannan, don in kai matsayin Dokta, na ƙara ƙa'idata ta mayarwa cikin tukunya. Ɗan'uwan ɗan'uwanka ai ɗan'uwanka ne, ko jariri ya san wannan. Saboda haka in kati ya faɗo, sai in duba ko yana da wata tsagar, in zura tsinke a can ma, har a daina zubowa.

Muna cikin azumi, ƙarshen shekarar sittin da tara, rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Ba zan ba ku labarin kwanakin nan duka ba, wasu sun fi ni iyawa. Baba yana da takarda, wani abokinsa ya taɓa matsa masa ya yi. Mahaifin Sule ba shi da ita. Suka sami wuri a wata babbar mota mai tashi ranar Lahadi zuwa Tawa. Manya suka zauna suka ce ba a jiran salla, a ɗaura aure ranar Juma'a, amarya ta bi mijinta. In ba a ɗaura ba kafin motar ta tashi, ba wanda ya san ranar da za a sake haɗuwa.

Ranar Laraba bayan la'asar, mata suna dakan kunu, Baba yana kan buzu yana jan carbi, kowa ya yi jugum. Na ga gidan yana bukatar nishaɗi, ni kuma ina bukatar 'yan kallo. Na fito da katunan yara na ce bari na'ura ta sa wa auren albarka. Na zura tsinke a hudar Mma Ladi. Katin Sule ya faɗo, da na ƙannensa, da nawa. Baba ya ɗaga gira. Mma ta ce ai lokacin yana arewa, zazzaɓi ya kwantar da ita ina jariri, Ladi ta shayar da ni. Na duba katina, ga tsaga ta biyu a hudar Mma. Na zura, na girgiza da salo irin na mai dabo. Katin Yaya Rabi ya sauko a hankali ya kwanta a kan na Sule.

Taɓarya ta tsaya. Baba ya ce in sake, na sake, ya sake faɗowa. Mma da Mma Ladi suka taso masa a tare, suka ce wannan ba komai ba ne, kowace mace ta sani, tun kakanni haka ake yi. Ya ce su kawo hujja, suka ce hujjarsu ita ce kowa ya sani. Ya dubi katunan nan biyu kamar an ajiye masa naman alade a kan buzu.

"Cikin azumi ba zan aurar da 'yata ga ɗan'uwanta ba. A dakata."

Sule, da ya zo kawo ɗinkin amarya, ya juya da ƙunshin a hammata, ya yi karo da ƙofa, ya ba ta haƙuri. Malam Garba, limaminmu, ya tafi Ankara, babban birnin ƙasar, neman wa mutane takarda, sai washegari ake sa ran dawowarsa, in an dace da mota.

Akwai abin da ba a sa wa a labarin salla, ni zan sa. Ban yi wa katunan coge ba, Allah shaida. Amma da na ga katin Rabi a ƙasa, wani abu a cikina ya yi tsalle. In ba aure, ba mota, ba Tawa. Gobe da jibi tana nan tana harara ta a kan tukunyar wake.

Da safe ba ta je tasha ba. Ta same ni a bayan ɗaki, idonta a kumbure, amma muryarta daidai. Ba ta zage ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta zauna ta ce in nuna mata yadda abin ya bi ya iso kanta, taki ɗaya bayan ɗaya. A kowane taki sai ta tambaya wa ya gaya mini. Sule ya sha nonon uwarsa, kowa ya sani. Ni na sha, Iya ta faɗa, Mma ta tabbatar. Ni da ita uwa ɗaya, ta ce wannan kam ƙaddara ce, ta karɓa. Da muka zo kan zura tsinke na biyu, ta tambaya wa ya faɗi wannan. Na ce hankali. Ta ce hankalin wa.

Sai ta ce in ƙa'idar gaskiya ce, ai ba a kanta kaɗai za ta yi aiki ba, in kawo katunan manya a gwada. Ta san da su, ita ke share ƙarƙashin gadon. Ban san abin da za su nuna ba, amma na ji ƙamshinsa, domin dabarar Dokta ce ta fito daga bakin wadda ba ta taɓa ganin na'ura ba: ka yarda da maganar, ka bi ta har ta yi karo. Ina iya cewa ɓera ya cinye su, ƙarya ba ta taɓa yi mini wuyar samu ba.

"Habibu," in ji ta, "ni na goye ka. Kar ka riƙe ni da kati."

Na shiga na ɗauko gwangwanin.

A gaban Baba ta yi gwajin, da hannunta, gida duk ya kewaye. Ta zura tsinke a hudar mahaifiyar Baba. Katin Baba ya faɗo, da na 'yan'uwansa, da na Kawu Idi, yayan Mma, wanda tsohuwar ta shayar shekarar da aka yi ƙyanda. Baba ya gyaɗa kai, ya ce shi ya sa yake ce masa ɗan'uwa. Rabi ta nuna masa tsaga ta biyu a katin Kawu, ta zura, ta girgiza. Katin Mma ya faɗo a kan gwiwar Baba.

Mma ta goge hannunta a zane, ta zo ta durƙusa a gabansa da ladabi.

"Ina kwana, Yaya. An tashi lafiya?"

Gidan ya fashe. Iya Hassana ta yi dariya har aka riƙe ta. Rabi ba ta tsaya ba, ta haɗa katunan duka ta ci gaba da bin ƙa'idata, suna zubowa kamar ganyen mangwaro: liman da matarsa, mai gidan haya, baduku, mahauta. Zango kaf ya zama ɗaki ɗaya. Kati ɗaya ya rage yana lilo a tsinke, na Dokta, wanda na yi masa don girmamawa. Mma Ladi ta ce to shi ke nan, duk 'yan matan unguwa sai su yi layi a jami'a.

Baba bai yi dariya ba. A ganinsa jiya aure ɗaya ke cikin shakka, yau biyu. Da aka ce Malam Garba ya sauka, ya kama ni da hannu ɗaya, gwangwani a ɗayan, muka same shi a zaure ko rawani bai kwance ba. Malam ya saurara, ya karɓi tsinken ya gwada da kansa, ya sake gwadawa, na ga idonsa yana ƙyalli kamar na yaro. Ya ce a samartakarsa ya karanta manɗiƙi, ilimin auna hujja, bai taɓa zaton zai riƙe shi a hannu ba. Sannan ya ce zurawar farko shari'a ce, ta biyu tawa ce.

"Nono yana shiga cikin wanda ya sha, ya sauka kan 'ya'yansa. Ba ya tsallakawa gefe zuwa yayarsa ko ƙanwarsa da ba su sha ba. Kai ne ɗan'uwan Sule. Rabi ba ruwanta. Alhaji, koma gida, matarka matarka ce."

Baba ya sauke numfashin da ya kusa kashe fitilar zauren, da a kunne take. Da muka kusa gida ya tambaye ni a ina na sami tsinken, don kekensa ya daɗe yana tafiya kamar mai ciwon ƙugu.

Da na ba Dokta labari ya ajiye cokali ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce na'urata ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, ta bi ni da aminci har cikin rami, kuma tasa mai sanyin ɗaki haka za ta yi. Ya ce mutum yakan shekara yana neman ƙa'idar da ta ɓata masa aiki, Rabi "ya samu" da safe ɗaya don "ya nemi" ganin sawu. Bayan salla ya roƙi in kai shi wurin Malam. Shekarar saba'in kusan duk Asabar ɗinta a zauren nan na yi ta, su biyu a kan tabarma suna gardamar yadda za a rubuta hukuncin shayarwa dalla-dalla har na'ura ta bi ba ta ƙara ba ta rage ba, ni ina huji. Malam yana kawo mas'ala, Dokta yana cewa a maimaita a hankali, shayi yana hucewa. Daga wannan zauren na kama hanyar aikin da kuka tashi kuka gan ni ina yi. Duk ɗalibin da ya taɓa kawo mini hujja yana cewa wannan takin ai a fili yake, na tambaye shi hankalin wa.

An ɗaura auren ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ba kiɗa, ba a ci komai ba sai da aka sha ruwa, amma ban taɓa ganin biki mai dariya kamarsa ba, domin duk wanda ya shigo sai ya gaida Baba da ƙanwarsa. Ranar Lahadi na ɗora akwatin Rabi a mota. Ta miƙo hannu daga sama ta ce in ba ta tsinken, kar in raba wasu. Na ba ta. A Tawa ta zauna da Sule har ƙarshen ransa, da tsinken take tsaga kitson 'ya'yanta mata. Ban sake ganinta ba sai da na yi gemu.